Daƙiƙa Tara

Ni ke kwana da injuna a Dakace,
inda Alhaji Nalado ke matse man angurya.
Shekara goma sha ɗaya kunnena ne ma'aunina.
Inji mai lafiya gurnaninsa ɗaya ne;
in wuta ta yi ƙasa sai ya kama nishi
kamar jakin da aka aza wa buhu na uku.

Kowa na tsine wa ɗaukewar wuta.
Ni ba ita nake tsoro ba.
Wadda ta tafi ai ta yi sallama.
Wadda ta zo rabi ita ce mai ɓarna:
ƙwan fitila ya yi ja kamar nunanniyar gauta,
ita kuwa tana ciki, tana dafa tagulla sannu-sannu.
Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daren wata Laraba, tsakiyar damina,
aradu ta faɗi can wajen Galma,
layi ɗaya cikin uku ya sulale.
Murhu ne aka zare wa dutse guda,
tukunya kuwa ba ta tambayar wa ya zare.
Kafin hannuna ya kai makunni
ƙauri ya riga ni isa.
Babban inji ya yi shiru,
mutum arba'in suka yi sati uku a gida.

Alhaji ya ce, "A ƙaro janareto!"
Gara ma shi, ana ganinsa, ana jin ƙararsa.
Sai ga Injiniya Asabe daga Samaru,
da jaka ƙarama da takalmin roba.
Ta ce, "Ba a ba da magani kafin a ji ciwon."
Ta maƙala na'urarta a jikin wayoyi
ta bar ta kwana bakwai tana saurare.

Abin da takarda ta faɗa ya ba ni kunya.
Wani kusa ya saki a gindin taransfoma,
kullum ina wuce shi da shayina a hannu.
Layi ɗaya na ɗauke da kayan biyu.
Wayar ƙasa ta ruɓe tun ban zo ba.

Muka haƙa rami, muka zuba gawayi da gishiri,
muka binne sandar tagulla kamar ajiyar kaka.
Muka raba kaya, kowane layi da nasa.
Aka kafa mai gadi na ƙarfe a ƙofar inji:
wutar da ba ta cika mudu ba, ya ce ta koma.

Sola ta hau rufin sito
ta ɗauki ofis, da fitilu, da famfon rijiya.
Alhaji ya so ta ja babban inji ma.
Asabe ta yi dariya: "Kowa da nauyinsa.
Wannan na dizal ne, sai dai a rage masa sha."

Saura daƙiƙa tara.
Tsakanin tafiyar wuta da tarin farko na janareto
daƙiƙa tara ne, na ƙirga su sau dubu a duhu.
A cikinsu allon sarrafa injuna ke manta karatunsa.
Su ta saya wa batura, jere guda a ɗaki mai sanyi,
ba don su yi dare ba, don su riƙe numfashi.

Jiya, ƙarfe biyu, aka ɗauke.
Ban sani ba.
Sai da na leƙa taga na ga Dakace ta yi baƙi ƙirin,
manyan motoci kaɗai ke haska hanyar Jos.
Bakina ya ƙirga har tara, don sabo.

Da asuba na hau keke zuwa Tudun Jukun.
Na tarar da Hansatu ta yi barci kan littafin lissafi,
tocilan a hannunta, batirin ya mutu.